Allon zamiya ɗaya don yankan kwana da yawon dutse: hunturu huɗu a kan Burton Custom

Sati biyu ke nan ina gida Damagaram. Shekaranjiya da dare muna fada a Birni, sanyi ya sa kowa ya naɗe cikin mayafi, an matso da benci kusa da gawayin shayi, sai wani abokina tun na ƙuruciya ya miƙo mini wayarsa ya ce ƙanensa ne ke son magana da ni. Yaron yana karatu a Kayseri ta ƙasar Turkiyya, dutsen Erciyes yana bayan garin, kullum yana hango farin kansa. Ya hau sau bakwai da allon haya, wato allon zamiya da ake ɗaura wa ƙafafu biyu a gangaro da shi a kan dusar ƙanƙara, abin ya shiga ransa, ya tara 'yan kuɗinsa. Da muka gama gaisawa ya ce, "Yaya, wane allo zan saya? Ina son irin kwanar nan da na ga kana yankawa a bidiyo, amma kuɗin allo ɗaya gare ni, kuma shi zan riƙa hawa kullum, ko'ina a dutsen." Na ce masa ya yi mini haƙuri zuwa jibi, maganar ta fi ƙarfin waya cikin hayaniyar fada. Wannan ita ce amsar, na kuma fito da ita fili don na san akwai 'yan uwanmu a Faransa da Kanada da Turkiyya masu irin tambayarsa.

Ni a Grenoble nake zaune tun 2016, karatu ya kai ni, aiki ya riƙe ni. Allon da nake hawa tun ƙarshen 2021 shi ne Burton Custom mai doro, wato mai ɗagaggiyar tsakiya, tsawon santimita 158, samfurin mai faɗi. Nauyina kilo 76, tsayina mita 1 da 80, takalmina lamba 44. Na faɗi waɗannan tun farko domin duk yabon da wani zai yi wa allo, in bai gaya maka nauyinsa da girman ƙafarsa ba, rabin labari ya ba ka.

Sai mun fara rabe abu biyu da ido ke ɗauka ɗaya ne. Yawancin masu gangarowa daga dutse a kan allo, share dusar ƙanƙara suke yi. Su juya allon a karkace, wutsiya ta zame gefe, dusa ta tashi, gudu ya ragu, su sake juyawa ɗaya gefen. In ka waiwaya ka ga sawunsu, kamar an ja tsintsiya ne a tsakar gida. Ba laifi ba ne, kowa da haka yake farawa, da haka kuma ake taka birki. Yankan kwana daban ne. Kana kafa ƙarfen bakin allon a cikin dusa, ka jingina jikinka cikin kwanar, wutsiya ta bi daidai inda kai ya wuce, ba zamewa ko kaɗan. Sawun da kake bari siriri ne guda ɗaya, kamar an ja wuƙa a kan tuwon da ya huce. Wanda ya taɓa ganin gwanin kabu-kabu ya shigo shataletale bai taɓa birki ba, ya kwantar da babur ya fita ta ɗaya gefen, ya san abin da nake nufi. Babu ƙarar gurza, sai wani siririn sauti kamar ana yage sabon yadi.

Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin in gane shi ne, ba kai ke juya allon ba. Siffarsa ce ke juya shi. Ka ajiye allo ka dube shi daga sama: kai da wutsiya suna da faɗi, tsakiya ta tsuke kamar kalangu. Wannan tsukewar yanki ce ta wata babbar da'ira, kuma nisan da ke tsakanin cibiyar da'irar da bakinta shi ake rubutawa da mita a takardar kowane allo. Nawa kusan mita 8 ne. Idan ka karkata allon a kan bakinsa, kai da wutsiya ne ke fara taɓa dusa, ƙugun yana rataye, nauyinka ya danne shi har ya taɓo, allon ya lanƙwashe ya zama baka, sai ya bi wannan lanƙwasar da kansa. Gwargwadon yadda ka ƙara kwantar da shi, gwargwadon yadda kwanar ke matsewa. A lissafi, in ka karkata shi digiri 60, da'irar mita 8 tana komawa wajen mita 4. Allon da lambarsa ta yi ƙasa, mita 6 ko 7, yana son gajerun kwanoni masu saurin juyawa. Wanda ta haura 9 yana son fili da gudu. Mita 8 tsaka-tsaki ce, shi ya sa ta dace da mai allo ɗaya.

Abu na biyu a siffar allo, bayan tsukewar ƙugu, shi ne doro. Ka kwantar da allon a daɓe ka tsugunna ka leƙa ta gefe. Idan tsakiyarsa ta ɗaga, wurare biyu kaɗai ke taɓa ƙasa, kusa da kai da kusa da wutsiya, to mai doro ne, masu sana'ar suna ce masa kamba. Da ka hau, nauyinka ya miƙar da doron, ƙarfin dannawar ya bazu har ƙarshen allon, ƙarfen baki ya ciji dusa daga wannan kai zuwa wancan. In ka fita daga kwana kuma, doron ya dawo da ƙarfi kamar bakan maharbi da aka saki, ya wurga ka cikin kwana ta gaba. Akasinsa shi ne wanda tsakiyarsa ke ƙasa, kai da wutsiya suka ɗaga kamar ayaba, shi ake kira roka. Yana juyawa ba wahala, ba ya yawan kayar da ɗan koyo, yana yawo a kan dusa mai laushi, amma in an zo wajen cizo ba shi da haƙora. Akwai kuma gauraye iri-iri: doro tsakanin ƙafafu da ɗagawa a kai da wutsiya, ko ayaba a tsakiya da ɗan doro ƙarƙashin kowace ƙafa.

Duk wannan ban san shi ba lokacin da na sayi allona na farko a 2019, bayan hunturu ɗaya ina haya. Na shiga wani shago, mai sayarwa ya tsayar da allo kusa da ni, ya ga ya kai mini haɓa, ya ce ya yi. Bai tambayi nauyina ba, bai dubi ƙafata ba. Allon ayaba ne, mai laushi, santimita 152, siriri, ga araha. Sati ukun farko na ji daɗinsa ƙwarai. Da na fara ƙoƙarin kwantar da shi sai abin ya bayyana: da gudu ya ƙaru kan allon ya dinga karkarwa, a kan dusa mai tauri bakin ya kuɓuce, in na matsa ta gefen yatsu kuma (da yake a gicciye ake tsayawa kan allo, baki ɗaya na wajen yatsun ƙafa, ɗayan na wajen dunduniya) bakin takalmina ya tokari dusa ya ɗaga ƙarfen sama, sai in tsinci kaina a ƙasa rub da ciki. Na daɗe ina zargin ƙafafuna. Wata malamar koyar da zamiya ce ta kalle ni sau biyu na gangaro, ta durƙusa ta nuna mini yadda yatsuna suka leƙo waje da kusan yatsa uku. Ta ce da wannan allon ba zan taɓa yankan kwana ba ko zan shekara goma. Araha ba ta ado, kuma mai shagon da ya ɗan yi mini tambaya biyu da ya rage mini asara.

Daga nan korona ta shigo. Hunturun 2020 zuwa 2021 gaba ɗaya kujerun igiya da ke hawa da mutane dutse a rufe suke a Faransa. Na sami lokacin karatu da tambaya. A kaka ta 2021 na je irin kasuwar nan da ake ci kafin sanyi, inda mutane ke kawo kayan zamiyarsu na hannu, na tarar da Custom ɗin da aka hau hunturu ɗaya kacal. Na biya Yuro 330, wato wajen jaka 216 na sefa. Sabonsa a lokacin wajen Yuro 600 ne, kusan jaka 400, ban da takalmi da maɗaurin da ke riƙe shi a jikin allo.

Dalilin da ya sa na nufi wannan sunan ba talla ba ce. Jake Burton Carpenter ya kafa kamfanin a 1977 a jihar Vermont ta Amurka, tun wasan bai da ko izinin shiga yawancin duwatsun zamiya, shekara 21 kafin ya shiga gasar Olamfik a Nagano a 1998. Custom kuwa tun 1996 ake yin sa, ana gyara shi kowace shekara amma manufarsa ba ta sauya ba: allo ɗaya na kullum. Abin da ya daɗe haka a kasuwa yana da amfani ga talaka ta wata fuskar, domin na hannu suna da yawa, kowane mai gyara ya san shi, in kuma ka tashi sayarwa ba ka rasa mai saye.

Ba na manta safiyar da na fara hawansa. Chamrousse ne, tafiyar kamar sa'a ɗaya a bas daga Grenoble, dutsen da Jean-Claude Killy ya ci zinare uku a Olamfik ɗin 1968. Na hau har ƙoli, mita 2250, ina cikin mutanen farko. Da dare motar daɓe takan bi hanyoyin ta daddale dusar, ta bar mata ƙananan kunyoyi jere reras kamar gonar da aka yi wa huɗa da cokali. Ba wanda ya taka. Na zaɓi hanya mai shuɗiyar alama, mai faɗi, ba tsananin gangara. Na saki allon ya ɗan ɗauki gudu, na durƙusa, na danna gwiwoyina ta gefen yatsu. Abin da na ji shi ne kamar wani ya kama allon daga ƙasa ya ɗora shi a kan layin dogo. Bai karkarwa, bai neman kuɓucewa. Ya zagayo da ni har na fara fuskantar sama, sannan doron ya saki, na ji ƙafafuna sun yi sauƙi, allon ya koma gefen dunduniya kusan da kansa. Da na tsaya a ƙasa na ɗaga kai, ga siririn layi yana lanƙwasa tun daga sama kamar sawun maciji a rairayi. Na yi hamdala a fili. Shekara biyu ina neman wannan layin.

In za a tambaye ni abu ɗaya da ya fi kawo wannan sauyin, faɗin ƙugu zan ce, kafin ma doro. Na 158 na yau da kullum ƙugunsa santimita 25 da 'yan kai ne, mai faɗin kuma wajen 26. A takarda bambancin bai kai faɗin ɗan yatsa ba. A kan dutse shi ne tsakanin ka kwanta cikin kwana hankali kwance da ka dinga tsoron takalmi zai tokare. Mu mutanen nan da yawanmu dogaye ne marasa jiki, ga manyan ƙafafu, shi ya sa ma'aunin haɓa ke cutar mu sau biyu: tsayi ya sa a ba ka allon da ya fi ƙarfin nauyinka, ko kuma a ba ka gajere siriri wanda ƙafarka ta fi. Allo bai san tsayinka ba, nauyinka yake ji. Kowane kamfani yana da jadawalin nauyi na kowane tsawo, ka nemi inda ka faɗo a tsakiya. Sannan ka ɗora takalmin a kan allon, a inda maɗauri zai zauna, ka duba. In yatsu da dunduniya sun leƙo da santimita 1 zuwa 2 kowane gefe, daidai ne, da shi kake samun ƙarfin danna baki. In ya wuce haka, nemi mai faɗi. Daga lamba 44 zuwa sama kusan kullum mai faɗi ne. Kada kuma mai ƙaramar ƙafa ya ce bari ya sayi mai faɗi don kariya, zai ji shi da nauyi wajen sauya gefe, kamar mai tuƙa amalanke.

Safiya ba ita ce yini ba. Duk allon kirki yana da daɗi a kan sabon daɓe ƙarfe 9. Gwajin allon kullum yana zuwa ne bayan azahar, lokacin da dubban mutane suka tattake hanya, dusa ta taru tsibi-tsibi, tsakaninsu kuma ƙanƙara ce tsagwaronta mai sheƙi. A nan taurin allo ke magana. Ana auna shi daga 1 zuwa 10, kodayake kowane kamfani da nasa mudun, 6 ɗin wani 5 ɗin wani ne. Custom yana tsakiya, ya ɗan karkata wajen tauri. Yana ratsa tsibin dusa ba ya naɗewa, ba ya kuma gajiyar da cinya kamar allunan tsere masu taurin ƙyaure. Na sauka da shi hanyar Sarenne ta Alpe d'Huez, kilomita 16 daga Pic Blanc mai tsayin mita 3330, inda sama ke da tsananin gangara da tudun dusa, ƙasa kuma doguwar shimfiɗa ce cikin kwari wadda in allonka ba ya gudu sai ka kwance ƙafa ka tura. Ya riƙe ni a sama, ya kai ni ƙarshen kwarin ban kwance ba. Ƙasansa irin mai shan kakin da ake shafa wa allo don santsi ne sosai, in an kula da shi yana da gudu.

A kan ƙanƙara mai sheƙi yana riƙewa matuƙar bakin yana da kaifi, sai dai ba sihiri. Allunan Lib Tech da Gnu suna da baki mai tudu da kwari kamar wuƙar yankan burodi, suna kiransa Magne-Traction, kuma na ari na wani abokin aikina na ji yadda yake cizon ƙanƙara fiye da baki miƙaƙƙe. Wanda dutsensu kullum a daskare yake ya duba wannan. Ni dai na fi son santsin layin da miƙaƙƙen baki ke bayarwa a kan daɓe.

Akwai wurare biyu da doro, na kowane kamfani, ke neman haƙƙinsa. Na farko sabuwar dusa mai zurfi, wadda ta zuba cikin dare ta kai gwiwa. Doro yana danna kan allo ƙasa, to dole ka jingina baya don kada ya nutse, kafin sa'a biyu cinyar baya ta ɗauki wuta. Abin da ke taimako a nan shi ne yadda Burton ke ɗaure maɗauri: maimakon ramukan kusoshi jere, dogon kwarmi ne guda biyu a jikin allon, kusa biyu kowace ƙafa. Ka sassauta, ka ja maɗauran baya da santimita 2 ko 3, ka ɗaure, minti biyar an gama, kan allon ya ƙara tsawo ya taso. Ba zai zama allon dusa mai zurfi ba, amma za ka yi yininka. Irin wannan ranar ba ta fi sau uku ko huɗu nake samunta a hunturu ba, ba zan zaɓi allo dominta ba. Sai dai mai saye ya tabbata maɗaurinsa yana da faifan da ke shiga wannan kwarmin, yawancin na yanzu suna zuwa da shi, amma a tambaya kafin a biya. Maɗauran Burton da ake kira EST kuma a kwarmin kaɗai suke zama, ba sa hawa allon wani kamfani mai ramuka.

Na biyu ya fi muhimmanci ga ƙanen abokina. Bakin da ke cizo lokacin da kake so, yana cizo lokacin da ka shagala. In allon yana zamewa a karkace ka bari bakin da ke fuskantar gangara ya taɓa dusa, nan take zai kafe, kai kuma ka wuce. A Les 7 Laux ya same ni, a wata 'yar siririyar hanya kusan shimfiɗaɗɗiya, na miƙe ƙafafu ina kallon duwatsu, bakin dunduniya ya kama, ƙeyata ta bugi ƙasa kafin in san me ake ciki. Sakacina ne. Hular kwano ce ta tsare, ta tsage, na sayi wata washegari. Tun ranar ban ƙara sakin gwiwa a shimfiɗa ba. Kada kowa ya hau ba hula, ɗan koyo kuma ya ƙara da abin kare wuyan hannu, don nan ne masu allo suka fi karyewa, saboda mutum in zai faɗi hannu yake kaiwa.

Yadda ka kafa ƙafafunka ma yana sauya allon. Shagunan haya sukan ɗaure maɗauri kamar tafiyar agwagwa, ƙafar gaba digiri 15 zuwa gaba, ta baya digiri 15 zuwa baya, don a iya tafiya ta kowane kai. Na yi hunturu ɗaya a haka, sannan na koma 21 a gaba da 6 a baya, duka suna duban gaba. Ƙugu da kafaɗa suka buɗe, kwanar gefen dunduniya, wadda ita ce ke ba kowa wahala, ta daina zamewa, yatsu kuma suka ƙara shigewa ciki. Kyauta ne wannan, sukundireba kawai yake ci, a gwada shi kafin a ce allo ne bai yi ba. Takalmi kuwa shi ya kamata a fara saya, sabo, a shago, a sa a ƙafa a yi ta yawo da shi minti 20. Yatsu su shafi gaba in kana tsaye, su ja baya kaɗan in ka durƙusa, dunduniya kada ta ɗaga. Allon jaka 400 a ƙarƙashin takalmin da ƙafa ke iyo a ciki bai fi na haya ba.

Ban ce Custom kaɗai ne ba. Na yini a kan Jones Mountain Twin na wani maƙwabcina, mai doro a tsakiya da ɗagawa a kai da wutsiya. Ya fi yafiya, ya fi tasowa a dusa mai laushi, yana yankan kwana da kyau, sai dai wurgawar nan ta ƙarshen kwana ba ta kai ta cikakken doro ba. Capita Mercury ma a wannan gidan yake. Korua suna yin alluna masu faɗi da dogon kai don masu son yanka zalla, na gan su suna kwanciya har hannu na shafar dusa, amma wanda zai riƙa tafiya ta baya ko ɗan tsalle ba nan zai dosa ba. Rossignol, da ke nan kusa da Grenoble, da Salomon ta Annecy, duk suna da allunan kullum masu kyau, kuma a Faransa na hannunsu sun fi sauƙin samu.

Kulawa ba ta da yawa amma ba a tsallake ta. Duk yini huɗu ko biyar na hawa nakan narka kaki da tsohon dutsen guga in shafe ƙasan allon, in bari ya huce, in kankare, in goge da buroshi. In ka ga gefen ƙasan ya fara fari kamar ƙafar da hunturu ya busar, ƙishin kaki yake ji. Baki kuma sau biyu a hunturu nake kai shi wajen mai wasawa, a fitar da shi digiri 89 ko 88. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen maƙera a kasuwar Dole ya ga yadda ake gwada kaifi a farce, to haka ake yi: ka goga bayan farcenka a bakin, in ya kankaro ɗan gari, da sauransa. Da an sauko a share ruwa da tsumma don kada ƙarfen ya yi tsatsa. In sanyi ya wuce a shafa kaki mai kauri a bar shi ba kankarewa har baɗi. Bayan hunturu huɗu nawa yana da ƙarce-ƙarce a sama, da tabo ɗaya a ƙasa inda dutse ya ci aka cike, amma doronsa na nan, har yanzu ɗan yatsana yana shiga ƙarƙashinsa in na kwantar da shi.

Wannan ne ma gwajin farko ga mai sayen na hannu. A kwantar da shi a ƙasa mai daidai a ga ko doron bai mutu ba. A bi ƙarfen baki da yatsa tun daga kai har wutsiya, a nemi tsaga ko inda ya ɓalle daga jiki. A matsa kai da wutsiya a ga ko fatun allon ba su fara rabuwa ba, don in ruwa ya shiga katakon ciki an gama. Ƙarce a ƙasa ba komai ba ne, ana cikewa. Tsagaggen baki kuwa a bar wa mai shi kayansa.

Mutanen fada sun tambaye ni me ya hana in zo da shi mu gwada a tudun rairayi ta wajen Gure. Rairayi yana cinye ƙasan allon dusa kamar sanfefa, kuma ba ya gudu a kai. Na rairayi daban ake yin su, da ƙasa mai tauri da nasu kakin. In Allah ya kai mu wata shekara zan nemo irinsa in zo da shi.

Ƙanena, ga naka. Ka ce mini nauyinka kilo 64, takalminka 42, ka hau sau bakwai, kana haɗa kwana ta gefen yatsu da ta dunduniya a hanya mai sauƙi amma kana tsoron mai gangara. Da wannan, mai faɗi ba naka ba ne, kuma tsawonka tsakanin 151 ne da 154, ka duba jadawalin kamfanin da ka zaɓa. In ka sayi cikakken doro yau, zai kayar da kai fiye da yadda kake zato a satin farko, amma in ka jure ka kuma biya malami ko da darasi biyu ne, ba za ka sake sayen wani allo ba har ka gama karatunka. In ka san ba ka samun hawa sai sau biyar ko shida a hunturu, ɗauki mai doro a tsakiya da ɗagaggen kai, taurinsa tsaka-tsaki, zai kai ka ga layin nan ba tare da ya hore ka ba. Abin da ban yarda ka saya ba shi ne ayaba mai laushi irin wanda ka saba da shi a haya, don ka kusa wuce shi. Ka fara da takalmi da hula daga cikin kuɗin, abin da ya saura ka nemi na hannu da shi. In ka ga wanda ya kwanta maka, ka kwantar da shi a ƙasa ka ɗauko mini hotonsa ta gefe, da na bakinsa kusa-kusa, da na takalminka a kansa, ka turo ta wayar yayanka kafin in koma ranar 8 ga wata.